Alkawarin Bakin Rami

Yayana mai yankan katako ne, ko kuwa in ce ya taɓa zama, don shekarun da ya yi ba ya jan zarto sun fi waɗanda ya yi yana ja. Amma har yau in ka shigo layinmu ka ce kana neman Na-Rami, kowa zai nuna maka ƙofarsa. Ni ce autarsu, ni kaɗai kuma na rage masa a cikin 'yan ɗakinmu. Ɗinki nake yi. Ni Allah ya ba baki, shi kuma ya ba shi taurin kai, haka muka raba gadon.

Yaran yanzu ba su san aikin ba, inji kawai suka sani. A da rami ake haƙawa mai zurfin tsayin mutum, a gitta itatuwa biyu masu kauri a bakinsa, a mirgino gungume a ɗora a kai. Mutum ɗaya ya hau kan gungumen, ɗaya ya shiga ramin, su riƙe dogon zarto mai mariƙi biyu. Na sama ya ja, na ƙasa ya ja, ba mai turawa, don in ka tura lanƙwashewa zarton yake yi. Na sama shi ke bin layin da aka buga da zare mai gawayi, shi ne kuma ke tokare gungumen kada ya motsa. Na ƙasa ba ya ganin komai sai garin katako da ke zubo masa a fuska. Ransa yana hannun wanda ke tsaye a bisa kansa, ya sani, kowa ma ya sani.

Yaya ne na ƙasa. Abokin jansa wani dogon saurayi ne mai yawan dariya, ɗan wani gari can nesa, wanda aka laƙaba wa Na-Sama. Tare suke zuwa sujada, kwano ɗaya suke ci, rigunansu ma ba a san wacce ce ta wa ba. Na-Sama ya yini yana zuba, Yaya yana cewa "uhm", kuma dukansu biyu sun gamsu cewa hira suka yi. Daga shagon da nake koyon ɗinki ana jin ƙarar filin katako, kuma a cikin duk zartunan da ke aiki ina gane nasu, don shi ba ya sarƙewa, ba ya gaggawa.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Na-Sama. Mai katakon, wato mai filin da gungumen, yana da aikin gaggawa, sai ya haɗa Yaya da wani baƙo. Baƙon bai tokare gungumen da kyau ba. Suna tsakiyar yanka gungumen ya mirgina, ya sulluɓe daga kan itace ɗaya, ya faɗa ramin a karkace ya matse Yaya a jikin bango. Mutane suka taru suna ihu, kowa da shawararsa, ba mai taɓuka komai. Na-Sama ne ya taso daga tabarmar ciwo jikinsa na rawa, ya dira cikin ramin, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin gungumen ya tokare har aka kawo igiya. Yaya ya fito da karyayyun haƙarƙari. Kafaɗar Na-Sama ta hagu kuwa ba ta sake daidaita da ta dama ba.

Da suka warke, ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, suka tafi bakin ramin su biyu, suka kira ni in zama shaida, wai tunda ba ni da aikin yi sai sa ido. Yaya ya shimfiɗa zarton a kan gungume, ya ɗora Littafi Mai Tsarki a kai, suka ɗora hannuwa. Na-Sama ne ya faɗi kalmomin, don shi ne mai baki. Ya ce muddin ɗayansu yana da rai, ɗayan ba zai ja zarto da wani ba, sai in ɗan'uwansa ya sake shi da bakinsa, ido da ido. Yaya ya ce, "Amin." Ni kuma na ce, "To, an ɗaura aure, wa zai tare a gidan wani?" Na-Sama ya tsinko reshe ya bi ni da gudu har bakin titi.

Suka yi 'yan shekaru a haka, aikinsu na gaba, har masu gini sukan ce su katakon Na-Sama da Na-Rami suke so ko za su jira. Sai wata safiya Na-Sama ya ce mahaifinsa ba shi da lafiya, zai je ya duba shi ya dawo kafin wata ya mutu. Ya bar takalmansa na aiki a ɗakin Yaya. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya mutu. Shiru kamar an shuka dusa. Lokaci-lokaci wani direban babbar mota zai ce ya gan shi a wata tasha, lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Ni in na ji haka raina ɓaci yake, Yaya kuwa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Yana da rai ke nan." Abin da yake so ya ji ke nan, don muddin mutumin yana da rai, alkawari yana nan.

Mai katako ya jero masa samari ya ce ya zaɓa, ya ƙi. Ya lallashe shi, ya yi masa faɗa, ya turo dattawa. Yaya ya ce shi bai ƙi aiki ba, zai ɗauki kaya, zai share fili, amma rami sai Na-Sama ya dawo.

"To ka je ka nemo shi mana," in ji ni. "Ƙafafunka ai ba su yi alkawari ba."

"Wanda ya tafi shi ke dawowa," ya ce. "In na bi shi, roƙo na je yi. Ba a roƙon alkawari."

Sai ya samu benci a bakin rumfar katako, ya sayi magagari, ya koma wasa zarton wasu. Mutumin da ake jiran katakonsa ya koma gyara wa yara haƙoran zarto, yaran da ko ja ba su iya ba, sai turawa. Yana wasawa yana jin yadda zartonsu ke sarƙewa a rami, ya cije leɓe ya ci gaba da aikinsa. Akwai wata 'yar mawaƙa a coci da ta so shi, mai haƙuri, mai murya. Ta jira, ta jira, da ta ga mutumin nan wani yake jira ba ita ba, sai ta auri mai gyaran rediyo. Ban ga laifinta ba. Ni na ɗinka mata kayan aurenta, ina taka keke ina zagin yayana a zuci.

Daga baya inji ya zo. Aka cike ramin da ƙasa, aka gina shagon fenti a kai. Masu kawo zarto suka ragu, Yaya ya koma wasa wuƙaƙen mahauta da almakasan teloli, har da nawa. Na ɗauka shi ke nan magana ta mutu, tunda ko Na-Sama ya dawo babu ramin da za su shiga. Ashe ni ce ban gane ba, tuni maganar ta wuce rami.

Ɗaki ɗaya gare shi a ƙarshen layi, gado, kujera, da 'yar taga da ke kallon bangon maƙwabci. Zarton yana tsaye a kusurwa, an nannaɗe shi da buhu, yakan kwance ya shafa masa mai ya mayar. Takalman Na-Sama sun zauna a ƙarƙashin gado har suka ruɓe, ranar da na share na zubar da su sai da ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata. Da la'asar in ya taso daga benci, sai ya fito da kujerar bakin ƙofa, ya fuskanci hanyar da ke fitowa daga tasha. Ba ya cewa jira yake yi, wai iska yake sha. Bayan mijina ya rasu, 'ya'yana kuma kowa ya kama gabansa, ni nake kai masa abinci kullum. In zauna a bakin gado ina ba shi labarin layi, wa ta haihu, wa ya yi faɗa da wa, shi yana "uhm" idonsa a titi. Wani lokaci nakan ji kamar da bango nake magana, in ɗauki kwanona in koma ɗakina da shi ma ba kowa a ciki.

Ranar da na san abin da ke cinsa, ƙyalle ya roƙe ni, guntaye biyu daga ragowar ɗinki. Na kawo ja da shuɗi. Washegari na tarar ya sa su a cikin Littafinsa.

"Auta, zauna ki ji," ya ce.

Ya buɗe inda jan ƙyallen yake, ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa. Wurin yana cewa mutumin da ya dogara ga ɗan adam la'ananne ne, zai zama kamar ɗan itace a busasshiyar ƙasa, ko alheri ya zo ba zai gani ba. Ya juya baya inda shuɗin yake. Nan kuma tambaya ake yi, wa zai zauna a gidan Allah, aka lissafo mutane, a cikinsu har da wanda in ya rantse ba ya canjawa ko da abin zai cuce shi.

"To wanne ne ni?" ya ce.

"Kai ne mai taurin kai. Shi ma yana nan a wani shafin, ka nema."

Bai yi dariya ba. "Da gaske nake. In na saki, na karya rantsuwar da na yi hannuna a kan Littafin nan. In na riƙe, ga ni ina zaune ina kallon hanya saboda mutum. Dubi ɗakin nan, Auta. Bai yi miki kama da busasshiyar ƙasa ba?"

Na duba, ya kuwa yi kama. Tausayinsa ya kama ni, amma ni in tausayi ya kama ni faɗa nake yi. Na ce masa ni ma ba a kan benci kawai na girma a coci ba, na san inda aka ce mutum biyu sun fi ɗaya, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya ɗaga shi, me ya hana shi ya riƙe wannan ya nemi mata? Na san kuma inda aka ce kada a rantse sam.

"Wannan ai bayan na rantse na gan shi," ya ce.

"To ka ga. Da ka fara karatu daga baya."

"Littafi ɗaya ne, Auta. Mai shi ɗaya ne. Ta yaya zai ce mini riƙe da wannan hannun, ya ce saki da wancan?"

Ba ni kaɗai ya tambaya ba. Tsohon Fasto, wanda ya yi mana baftisma duka, ya ce masa, "Ɗana, alkawari kaya ne, ka ɗauka, Allah yana ganinka." Yaya ya dawo da ƙarfin gwiwa, ya yi wata biyu bai taɓa jan ƙyallen ba. Sai wani mai wa'azi baƙo ya zo taron farkawa, ya ji labarin, ya ce wannan ɗauri ne, sai an tsinke. Ya kama kan Yaya ya yi addu'a har rigarsa ta jiƙe, ya ce an tsinke, jama'a suka yi tafi. Yaya ya yi godiya da ladabi, ya dawo gida ya shafa wa zarto mai.

Faston da muke da shi yanzu sa'an ɗana ne, amma yana da natsuwa. Ya zo har ɗakin, ya ƙi kujera ya zauna a bakin gado, ya karanta wuraren biyu da abin da ke gabansu da bayansu. Ya ce, "Baba, ni ban ga saɓani ba. Ɗaya yana magana kan bakinka, cewa ka zama mai gaskiya ga mutane. Ɗayan yana magana kan zuciyarka, inda ka jingina ta. Ka riƙe maganarka ga mutum, amma nauyinka ka ɗora wa Allah."

Yaya ya daɗe yana juya maganar. Sannan ya ce, "Na ji, Fasto, kuma ta yi daɗin ji. Amma yaya mutum zai riƙe alkawarin wani shekara da shekaru bai jingina da shi ba? Ni ban san inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara ba."

"Wannan, Baba, ni ma koyo nake," in ji Fasto. Suka yi addu'a tare, na raka shi bakin titi.

Bara numfashinsa ya fara gajarta. Daga benci zuwa gida sai ya tsaya ya dafa bango. Na ja shi asibiti da ƙyar, likita ya ce zuciyar ta gaji, ya ba da ƙwayoyi, ya ce a rage gishiri da tunani. Na ce gishirin a hannuna yake, ɗayan kuwa sai dai likita ya zo ya gwada da kansa. Muna dawowa Yaya ya ce mini shi ba mutuwa yake tsoro ba, ba ya so ne ya je a tambaye shi bai san ko biyayya ya yi ko la'ana ya ɗauka ba. Abu ɗaya yake so kafin lokacin, ya ji daga bakin Na-Sama ko ya sake shi.

Bayan 'yan makonni wata amarya ta kawo mini ɗinki, doguwa, mai dariya tun daga ciki. Ina auna ta tana zuba, ta ce ita baƙuwa ce, aure ya kawo ta, amma babanta ya taɓa zama a garin nan yana saurayi, yankan katako ya yi, har yanzu kafaɗarsa ɗaya a karkace take. Na ajiye tef ɗin awo. Na tambaye ta garin, na tambayi unguwar, na tambayi inda mota ke tsayawa, har ta fara kallona kamar mai neman bashi.

Na san in na ce wa Yaya ya je ba zai je ba. Sai na ce ni ce zan tafi gaida wanda ya taɓa bi na da reshe, kuma mace mai shekaruna ba ta tafiya ita kaɗai, ya raka ni.

"Rakiya ce?" ya ce.

"Rakiya ce."

"To, ba roƙo ba."

"Wa ya ce roƙo?"

Ya sa rigarsa ta Lahadi, ya aske gemu. Muka shiga motar haya da sassafe, sai da rana ta take muka isa. Duk hanya hannuwansa na kan gwiwa.

Gidan babba ne, ƙofar ƙarfe, igiyar shanya cike da kayan yara, a gaba kuma shagon siminti da kwanon rufi. Na-Sama yana zaune a baranda, ya yi tumbi, kansa ya yi sanƙo, tabarau a hanci. Ya dube mu, ya sake duba, sai ya miƙe kujera ta faɗi a bayansa.

"Na-Rami! Kai ne? Mutumina! Auta, ke ce kika tsufa haka?"

"Kai da ka koma yaro," na ce.

Ya rungume Yaya yana kuka yana dariya. Ya kira matarsa, ya kira 'ya'ya, ya kira jikoki, ya jera su yana cewa ga wanda nake ba ku labari. Ashe yana ba da labarin. Aka kawo ruwa, aka kawo abinci, ya sa aka zuba musu a kwano ɗaya. Ya yi ta zuba, yadda ya sha wahalar gonar mahaifinsa, yadda ya fara shagon, yadda aka zaɓe shi dattijo a coci. Yaya yana "uhm". Na ɗan lokaci na ji kamar babu abin da ya shiga tsakani, har na fara jin haushin kaina da na tsani mutumin nan tsawon shekaru.

Da aka kwashe kwanuka, yara suka watse, Yaya ya goge hannu ya ce, "Na zo kan maganar bakin rami."

"Wace magana?" in ji Na-Sama, fuskarsa a sake. Sai ya tuna, na ga lokacin da ya tuna. Ya dubi hannuwan Yaya, ya dube ni. "Kai. Kada dai ka ce mini..."

"Ban ja da kowa ba."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

Na-Sama ya cire tabarau ya ajiye. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ga bakinsa ya mutu. Da ya samu magana, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce ya iso ya tarar da mahaifinsa a bakin mutuwa, ga ƙanne, ga gona, ba kowa sai shi. Ya gaya wa tsohon cewa shi dole ya koma, akwai alkawari. Tsohon kuwa mutumin coci ne, ya ce masa ka ɗaura ranka a wuyan ɗan adam, ka manta abin da aka rubuta kan mai dogara ga mutum? Maganar ta shige shi. Bayan jana'iza ya shiga ɗaki ya durƙusa, ya roƙi gafara kan rantsuwar, ya ce, Ubangiji, na saki ɗan'uwana, na bar shi a hannunka, ka ba shi abokin ja da ya fi ni.

"Na ji salama a zuciyata, Na-Rami," ya ce. "Na gaskata Allah zai isar maka. Ban taɓa daina sa ka a addu'a ba, matata ce shaida."

"Allah ka gaya wa," in ji Yaya.

"Ai shi ne mafi girma."

"Shi ne. Amma ni ne a ramin."

Can a cikin gida wata jaririya ta fara kuka, wani ya kunna rediyo. Na-Sama ya ce ba zai ɓoye ba, da farko kunya ce ta hana shi zuwa, daga baya kuma ya ɗauka ai tuni Yaya ya samu wani, wa zai yi zaton mutum zai zauna haka? Shi kansa ya ja zarto da wani ɗan kawunsa na 'yan shekaru kafin ya buɗe shago.

"Ido da ido muka ce," in ji Yaya. "Kai ka faɗi kalmomin. Ga shaida nan zaune."

Shaidar kuwa ta cika ta batse. Na buɗe baki zan wanke Na-Sama tas, tun daga 'yar mawaƙa har zuwa benci da magagari, in tambaye shi ko salamar tasa ta taɓa biyan kuɗin mota ta zo ta duba. Yaya ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba, na haɗiye maganata.

"Faɗa yanzu," ya ce wa Na-Sama.

Na-Sama ya sauko daga kujera ya durƙusa da ƙyar, saboda gwiwa da tumbi, ya kama hannuwan Yaya biyu. Hawaye na bin fuskarsa. "Na sake ka, ɗan'uwana. Ka yafe mini. Na sake ka."

"Ni ma na sake ka," in ji Yaya, "ko da yake ka riga ka saki kanka." Ya taimaka masa ya tashi, ta gefen kafaɗar mai lafiya.

Suka roƙe mu mu kwana, matar ta ce an riga an gyara ɗaki. Na-Sama ya ce Yaya ya dawo nan da zama gaba ɗaya, ga wuri, ga jikoki, ya huta. Yaya ya yi godiya, ya ce yana da almakasan mutane da ya ce za su karɓa gobe. Na-Sama ya raka mu har tasha, ya tsaya a jikin taga yana magana har mota ta fara tafiya, yana cewa zai zo, lallai zai zo.

Mun yi nisa, gonaki suna wucewa, rana ta fara yin sanyi, sannan Yaya ya yi magana, fuskarsa a taga.

"Shi ya ɗauki shafi ɗaya, ni na ɗauki ɗayan. Shi ga gida cike."

"Kada ka fara," na ce. "Shagon siminti ba shi ne hukuncin Allah ba."

"Ban ce shi ne ba." Ya ja numfashi irin na masu ciwon nan. "To, Auta, yanzu dai na fita daga maganar la'ana. Ba na jiran kowa. Ba ni da kowa sai Allah."

Da murna ake faɗin wannan magana, haka muke rera ta a coci ana tafi. Shi kuwa ya faɗe ta kamar wanda ya dawo ya tarar an kwashe masa ɗaki. Sai a lokacin na gane cewa jiran nan da na yi shekaru ina zagi, shi ne abokin zamansa, kuma ni na kai shi inda aka karɓe masa. Na ji baƙin ciki ƙwarai, bayan baƙin cikin kuma haushi ya taso.

"Ni kuma fa?" na ce, da ƙarfi har na kujerar gaba suka juyo. "Itace ce ni? Wa ke kawo maka kwano kullum, rana da ruwa? Wa ke wanke maka riga? Wa ya ja ka asibiti? Ina zaune a bakin gadonka ina surutu kamar mahaukaciya, kai idonka a titi. Yau kuma ka ce ba ka da kowa!"

Ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana kallona, har na fara jin kunyar mutanen mota.

"Ke ai ba ki taɓa yi mini alkawari ba," ya ce.

"Ban taɓa ba."

"Kada ki yi," ya ce. Muryarsa ta karye. "Don Allah, Auta, kada ki yi."

Ya mayar da fuska taga. Can sai na ji an ja bakin gyalena, na duba, hannunsa ne. Ya riƙe shi gam, bai saki ba har muka shigo gari.